Inda Sahu Yake Kaiwa

Asabar, 14 ga Yuni, 2025

Yau ban je yasar kwata ba, gwiwa ta hana. Karo na farko ke nan da yaran ƙungiya suka fita aiki ba ni. Na daɗe ina tara matasan Sabon Gari da na Fagge a ɗan ofishinmu ina koya musu shugabanci, to ai sai wata rana su gwada. Uchechi ta ja 'yan Sabon Gari, Hamzat ya ja 'yan Fagge, kowa ya kama nasa ƙarshen kwatar. Da yamma Uchechi ta faɗo mini, taɓo har wuya, baki har kunne. "Mama, mun kwashe tas. Mun tara a gefen titi ya tsane, gobe tifa za ta ɗauka." Yarinyar nan haihuwar Kano ce, Hausarta ta fi tawa ta Wusasa gudu. Na ce ta je ta yi wanka kafin ta gayyato mini ƙudajen unguwa.

Lahadi, 15 ga Yuni

Tifa ba ta zo ba. Direban ya kashe waya.

Litinin, 16 ga Yuni

Hamzat ya baro rumfar maigidansa a Kantin Kwari da rana tsaka, ko zama bai yi ba. Ya miƙo mini waya. Hoton tsibin dagwalon da su Uchechi suka tara ne.

"Malama, daidai nan sahu yake kaiwa ranar Juma'a in masallaci ya cika."

Ita ina za ta sani? Ba ta taɓa tsallakawa can da azahar ɗin Juma'a ba, gefen titi kawai ta gani. Shi kuma yana can ɗaya ƙarshen da yaransa. A ƙasan hoton wani ya rubuta wai 'yan Sabon Gari sun zuba ƙazanta a wurin salla da gangan. Na mayar masa da wayar. Na san yadda irin wannan magana take girma a garin nan. Na taɓa wuni a ƙarƙashin gado da 'ya'yana saboda maganar da ba ta kai wannan ba.

Da na je ranar Asabar, da ban bari ba.

Talata, 17 ga Yuni

Na hana Uchechi fita. Babanta, Celestine mai kayan gyaran mota, ya rufe shago tun la'asar, ya ce mota zai sa ta ta tafi wurin kakarta. Ban ga laifinsa ba. Iyaye duk sun hana yaranmu tsallakawa. Yaran Hamzat kuma sun ce ba su suka tara ba, ba su za su kwashe ba.

Abin da ya fi tsorata ni: wasu samari sun ajiye benci kusa da tsibin. Wai kada kowa ya taɓa, a bar wa mutane su gani da idonsu ranar Juma'a.

Laraba, 18 ga Yuni

Na lallaɓa na je wurin mai unguwa, Alhaji Maje. Na ba da haƙuri iya iyawata, na ce kuskure ne na yara. Ya bar ni na gama.

"Malama Saratu, ke mun san ki, kullum ke ce mai zuwa. Amma ba ke kika tara ba. Wanda ya tara shi ake so a gani."

Na ce ranka ya daɗe, ba zan kawo 'yar mutane gaban bencin can ba. Ya ce to Allah ya kyauta. Haushi ya kama ni, har da na yadda ya faɗa a hankali.

A hanya na haɗu da Veronica maƙwabciyata ta dawo daga kasuwar Singa da kayan abinci kamar mai shirin biki. Na gane tanadi take yi ko da rikici ya ɓarke. Hadari ya haɗo ya watse. Hamzat bai ɗaga wayata ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Uchechi ta fita. Ba ta gaya mini ba, ba ta gaya wa ubanta ba. Veronica ce ta buga mini ƙofa da hantsi, ta ce an gan ta ta nufi wurin tsibin. Ban san lokacin da na faɗa adaidaita ba.

Ashe gidan mai unguwa ta fara zuwa, da ɗankwali da mayafi, ta durƙusa a zaure. An ce cewa ta yi, "Baba, ni na sa aka tara. Ban san sahu yana kaiwa nan ba." Daga nan ta ɗauki baro da shebur. Yaranmu biyu kacal suka bi ta.

Na same ta tana loda dagwalo, 'yan benci suna kallo. Ɗaya ya faɗi wata kalma da ba zan rubuta ba. Na kama hannunta na ce mu tafi, yanzu. Ta zare a hankali.

"Mama, in kina nan ke za su kalla. Don Allah ki koma."

Ni! Ni da na koya mata yadda ake gaida manya. Wallahi ya yi mini zafi. Na koma gindin wata rumfa na tsaya kamar mai jiran mota.

Bayan azahar Hamzat ya ɓullo, bai dubi kowa ba, ya karɓi baron. Da suka gama suka kira 'yan ga-ruwa, aka kwarara wa wurin ruwa aka share. 'Yan benci ba su tashi ba.

Juma'a, 20 ga Yuni

An rufe shaguna da wuri. Daga benen 'yar'uwar Veronica ana hango wurin, can muka hau ni da Uchechi. Masallaci ya cika, sahu ya fito titi, yana matsowa, yana matsowa. Da ya zo daidai wurin sai ya tsaya. Mutane suna kewayewa da tabarminsu, fili ya zauna fayau a tsakiyarsu. Faracen yarinyar nan suka nutse a hannuna. Na fara tunanin ta wace hanya za mu gudu.

Sai ga Alhaji Maje, wanda wurinsa a ciki yake can gaba, ya fito da dardumarsa a kafaɗa. Ya shimfiɗa a tsakiyar filin ya zauna. Wani tsoho ya bi shi, sannan Hamzat, sannan wasu. Ba duka aka cike ba, gefe ɗaya ya zauna babu kowa har aka idar. Aka watse. Ba wanda ya yi gudu.

Uchechi ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka. Ni ma dai.

Litinin, 23 ga Yuni

Hoton yana nan yana yawo. Benci ya koma ƙofar wani mai shayi, har yanzu in yaranmu suka wuce sai a yi shiru. Celestine ba ya amsa gaisuwata.

Da safe mai unguwa ya aiko, wai shugaban ƙungiya ya zo a yi maganar ragowar kwatar kafin ruwa ya sauka. Har na ɗauko jaka. Sai na ajiye, na kwatanta wa ɗan aiken shagon baban Uchechi, na ce ya biya Kwari ya kira Hamzat, su biyun su je.

Tun da ya tafi nake share ɗakin da na riga na share. Ban kira ta ba tukuna.