Takalmin da Suyun Ta Ɗinka

Ƙauyen Liugou, 3 ga watan bakwai

Zuwa ga Yaya Shulan,

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki, da fatan shagon magani yana ci gaba.

Bayan haka, sojojin nan da suka gudo daga bariki sun ƙone ƙauyen ƙetaren rafi. Sun rataye dagacinsu ta ƙafa, suka hura wuta a ƙarƙashin kansa. Mu ne na gaba. Amma kada ki damu, mun samu wani Malam Dou. Yana rubuta laya da jan tawada, mu ƙona mu sha tokar, harsashi ba ya cin wanda ya sha. Ya ce layar Yang ce zalla, ƙarfin namiji, kuma Yin, na mace, shi kaɗai ke karya ta. Don haka mun kwashe mata kaf zuwa kogon bayan dutse, har da matata Suyun da cikinta wata bakwai. Da za ta tafi ta ce, "To gwarzo, wa zai dama maka kunu? Mashi?" Ko kallonta ban yi ba.

Ki aiko mana da jan zare mu ɗaura wa masunmu.

Ƙanenki mai biyayya,
Tieshan

Garin Shiqiao, 6 ga wata

Tieshan,

Lafiya muke, ina gaida kowa. Zare kuwa ba za ka gani ba.

Anya kai ɗan Baba ne? Shekara nawa kana daka masa saiwa yana duba marasa lafiya, ashe hankalinka na wajen tsuntsaye. Yin ba ƙazanta ba ne, wawa. Shi ne gefen dutse mai inuwa, shi ne ruwa, shi ne ƙasar da ke karɓar iri ta yi shiru har ya tsiro. Kai ma yana jikinka, ran da ya ƙare zazzaɓi zai cinye ka. Ka taɓa ganin Baba ya ba mai zazzaɓi citta? Sanyi yake mayar masa.

Ku rufe ƙofar ganuwa, ku ajiye musu gero a bakin hanya su ɗauka su wuce. Yunwa ce ta koro su, ba zama suka zo yi ba. Tsoro nake ji, ko abinci ba ya shiga.

Ka gaida mini Suyun, in an yarda ka furta sunanta.

Yayarka

Liugou, 12 ga wata

Yaya,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi, yatsu uku suka rage a dama.

Na karanta musu takardarki, suka yi ta dariya. Jiya da rana tsaka muka buɗe ƙofa, mu arba'in da uku, ƙirji a waje, muna ihu. Sojojin ko tashi ba su yi ba, a durƙushe suka harbe mu. Kawu Fugui yana gabana, kansa ya fashe, ƙwaƙwalwarsa ta shiga bakina. Ɗan maƙeri ya riƙe hanjinsa da hannu biyu yana tambayata, "Tieshan, ni fa na sha, ko ban sha daidai ba?" Sha tara suka mutu. Sojoji suka kwashi abin da za su kwasa, suka bi ta gindin kogon nan. Mata suka yi tsit, ba wadda aka taɓa, har sun dawo gida.

Yau Malam Dou ya jera mu yana bincike. Ya tsaya yana kallon ƙafata. "Kai, wa ya ɗinka wannan takalmi?" Suyun ce, ran da za su tafi ta saka mini shi a buhu. Ya ce Yin ɗinta ne ya kashe mutum sha tara. Ran bakwan mamata za a jefa ta rijiya, kuma ni zan kai ta.

Ni na saka takalmin, Yaya, ba ita ba. Mashina yana nan. Zan huda wuyan Malam Dou.

Tieshan

Shiqiao, 15 ga wata

Ƙanena,

Na yi kukan Kawu, amma ba lokacinsa ba ne. Ajiye mashin nan! In ka ɗaga shi za su sassare ka, ita kuma rijiyar dai.

Kada ka yi musu da Malam Dou. Ka durƙusa a gaban jama'a ka ce gaskiyarsa, laya ba ta da laifi. Sannan ka roƙe shi, don zuciyar iyayen da suka rasa 'ya'ya ta kwanta, ya nuna musu. Ya tuɓe duk zaren da mace ta kaɗa, ya sha layarsa, ya tsaya a gaban bindiga. In ya ƙi, kowa ya gani. Kai dai ka matsa gefe, ka bar nauyinsa ya kai shi inda yake tura ka.

Ina ƙona turare ga kakanni saboda ku.

Shulan

Kan hanya, 18 ga wata

Yaya,

Na yi yadda kika ce. Na ɗauka zai gudu. Bai gudu ba, Yaya, ya yarda da abinsa. Ya tsaya tsirara a bakin rijiyar yana murmushi, ya ce wa maƙeri da ke riƙe da bindigar, "Harba mana, me kake jira?" Harsashin ya fita ta bayansa.

Jininsa bai ko daina gudu ba wani ya ce, "Ai dole, mata na leƙe ta kan ganuwa." Na ga kawuna suna gyaɗawa.

Ban jira ba, na ja Suyun muka kamo hanyar wajenki. Wani mai gishiri zai riga mu isowa da wannan takarda, Suyun ba ta iya sauri. Ki bar mana ƙofar baya a buɗe.

Ƙanenki