Habboba Ba Ta Yarda da Bakina, Ku Aiko Mata Farar Riga

Zuwa ga malamin da ya kawo ɗalibai masu koyon haɗa magani unguwarmu a Umdurman.

Assalamu alaikum, ya Dakta. Ina gaishe ka da aiki, da fatan iyali lafiya. Da Hausa na rubuto don ranar da kuka zo na ji ka amsa gaisuwar wata tsohuwa da ita, sannan ka waiwaya ko an ji ka. To, ni na ji.

Sunana Haruna, yaron mota ne a layin Suk al-Shabi. Ban wuce makarantar allo ba, a yi haƙuri da rubutuna. Na je ƙofar makarantarku mai gadi ya kore ni, shi ya sa na bi ta wasiƙa.

Na ɗaya. Kafin azumi kuka raba ɗalibai gida-gida su duba magungunan tsofaffi. Wata doguwa mai tabarau, Salwa, ta shigo gidanmu. Kakata Hauwa, da muke kira Habboba, ba ta jin Larabci sosai, sai aka sa ni tafinta. Salwa ta zazzage gwangwanin maganinta a kan tabarma, ta gano farar ƙwayar da kawuna ke aikowa daga Jidda da jar da asibiti suka ba ta duk abu ɗaya ne, na hawan jini. Habboba kuwa duka biyun take sha.

Na biyu. Salwa ba ta gaya mata ba. Motarku na ta hon, sai a bakin ƙofa ta ce mini a tsayar da ɗaya, za ta tambaye ka wacce, ta dawo Alhamis. Alhamis nawa suka wuce? Wani ya ce an rufe jami'a, wani ya ce ba fetur, wani ya ce an kwashi ɗalibai sansanin horon soja. Ban san gaskiya ba, na dai san har an yi Sallah.

Na uku, nan ne ciwon. Ya Dakta, ɗalibarka ta bar amana a bakin da ba a yarda da shi. Ni jikan Habboba ne, tun ina rarrafe muke wasa. Amaryata nake ce mata, ita kuma ta ce mijin banza. Na sha zuba mata gishiri a kofi, na taɓa ce mata an ɗage Sallah ta kwance lallenta. Haƙƙina ne na jika. Yanzu in na ce kada ta haɗa ƙwayoyin nan, sai ta yi dariya ta watsa biyun a baki a gabana, wai so nake ta mutu in auri yarinya. Na rantse mata da allona. Ta ce ɗanta ba zai aiko mata guba daga ƙasa mai tsarki ba, likita kuma ba zai yi ƙarya ba, ni kaɗai ne maƙaryaci a gidan. Ummata ma sai ta ce in daina shashanci da mara lafiya.

Na kai wa mai kemis ƙwayoyin, ya ce gaskiyar Salwa, amma ba ya barin shago, Habboba kuma ba ta iya hawa mota. Na ari farar riga wurin mai aski na sa wa abokina Abakar, na koya masa tafiyar likitoci. Tun daga ƙofa ta gane shi, ta ce kunnuwan ubansa ne, ta aike shi sayo gawayi.

Dariya ta ƙare shekaranjiya. Ta miƙe za ta yi alwala, jiri ya kwashe ta, ta faɗi jikin randa, goshinta ya fashe. Tun lokacin in ina maƙale a ƙofar mota ina kiran fasinja, rabin hankalina na gida. Ko gada muka hau sai in riƙa leƙen motoci ko zan ga mai tabarau.

Buƙatata ba ta da yawa. Ka turo Salwa, in ba ta nan ka turo kowa, muddin da farar riga kuma Habboba ba ta san ubansa ba. Ya zauna a tabarmarta ya gaya mata da bakinsa. Gara ma kai, tunda ba ka buƙatar tafinta.

Sannan don Allah, in za ku sake kai ɗalibai gidajen mutane, ku koya musu su gaya wa mara lafiya ido da ido kafin su tashi, kuma su tambayi waye wanda suke bar wa saƙo. Su sun samu darasinsu sun tafi, mu muka kwana da sauran.

Allah ya ƙara maka ilmi, ya ba ɗalibanka sa'a, ya dawo da su gida lafiya duk inda suke. In ka zo, tambayi gidan Haruna maƙaryaci, kowa zai nuna maka. Wannan karon kaɗai, ka yarda da ni.

Wassalam.
Haruna, jikan Hauwa, Umdurman.