Kawu da Baƙin Man Motarka

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya zaman Legas? Inna lafiya lau.

Ka san injin motarka ya tsufa. Na yi juye da baƙin mai mai kauri, hayaƙi ya ɗauke. Sai Kawu Lawal ya are ta zuwa Baure, ya sa aka tsiyaye, aka zuba mai ruwa-ruwa. Wai, "Kunu ka ɗura mata, yaro." Yanzu hayaƙi take kamar murhu, fasinjojin Kongolam suna guduna, alhali da ita muke ci.

Na haɗiye don ƙanin Inna ne, amma makulli ba zai ƙara barin aljihuna ba. Kai ka kira shi. In ni na buɗe baki, zumunci zai taɓu.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Anti Hauwa da yara.

Ƙaninka,
Musa