Fuskar Baba a Cikin Waya

Asabar, 4 ga Mayu

Yau ma ba a sako Baba ba. Na buɗe shagonsa na share, na rufe. Rigar da yake ɗinkawa ranar da masu bincike suka zo tana nan ƙarƙashin allurar keke, hannu ɗaya an haɗa, ɗaya ba a haɗa ba. Ban taɓa ta ba.

Talata, 7 ga Mayu

Bari in rubuta yadda abin ya faru, ko zai daina yi min yawo a kai.

Kafin zaɓe, Baba ne ke ɗinka wa jam'iyya huluna da tutoci. Wata rana Sakataren jam'iyya ya zo shago da waya babba, ya ce rajistar magoya baya ake yi. Ya karɓi katin shaidar Baba ya ɗauki hotonsa, sannan ya ce Baba ya kalli wayar, ya ƙifta ido, ya juya hagu, ya juya dama. Shagonmu duhu gare shi, wayar ta ƙi karɓa, shi ne aka kira ni na riƙe tocila. Baba sai dariya yake, wai, "Uwata, haska da kyau, yau tsohonki zai shiga fim."

Bayan Baba aka kira mai wanki, da mai gyaran takalmi, da sauran 'yan layi. Duk ni na haska musu. Kowa ya tafi da hula.

Ashe asusu aka buɗe da fuskokinsu, na kuɗin kirifto, kuɗin da ba ya da takarda, a waya kawai yake zama. Wani wanda ba a san ko wane ne ba ya zuba kuɗi masu yawa a ciki, aka tura wa jam'iyya kamar gudummawar talakawa ce. Ta asusun Baba mafi yawa suka bi. Baban da ko saƙo ni nake karanta masa.

Juma'a, 10 ga Mayu

Ɗan Takara ya yi magana a rediyo. Wai ba ya ɓoye komai, gida ɗaya gare shi, masoyansa ne suka tara masa kuɗin kamfe, a je a tambaye su. Mama ta kashe rediyon ta ce, "Ga matar babban masoyinka nan, sabulu ma ya gagare ta." Auta ya yi dariya. Ni na fita tsakar gida.

Lahadi, 12 ga Mayu

Tarin da Baba yake yi a ƙofa kafin ya yi sallama. Shi na fi kewa, ban san dalili ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Lauyar da ke taimakon Baba ta zo gida. Ta ce Sakatare ya rantse bai taɓa shiga shagonmu ba. Mai wanki da mai takalmi sun ce ba su tuna komai ba, tsoro suke ji. In ba wanda zai ce ya gani da idonsa, Baba zai daɗe.

Ta tambayi Mama, "Ba kowa a shagon ranar?"

Ina bayan labule. Mama ta ce, "Sai wannan, ita kuwa ko baƙo ya yi sallama ƙarƙashin gado take nema."

Lauya ta ce, "Ƙanwata, fito mana mu gaisa." Ban fito ba. 

Juma'a, 17 ga Mayu

Sakatare ya aiko da buhun shinkafa, da saƙon wai a yi haƙuri, a kuma rage surutu. Yana nan a zaure. Mama ba ta buɗe ba, ba ta mayar ba. Auta hawa yake yana doki da shi.

Mama ta kai wa Baba kaya. Ta ce ya rame, ya kuma ce a gaya wa Uwarsa ta riƙa sa wa keke mai kada ya yi tsatsa. Na sa. Na zauna a kujerarsa har aka yi la'asar. Warin allinsa yana nan a aljihun tebur.

Alhamis, 23 ga Mayu

Na je wajen masu bincike ba da shaida. Ni na ce wa Mama ta kai ni, ta tsaya tana kallona kamar na yi yare.

Ɗaki ne mai fanka ɗaya da dogon tebur. Da farko mayafina kawai nake murzawa. Mai binciken ya ce, "Yarinya, ɗaga murya, ba ma cin mutane da safe." Sai aka shigo da Baba. Ya yi tarin nan nasa.

Na faɗi komai. Tocila, ƙifta ido, wanda ya fara da wanda ya biyo, har tsagar da ke jikin gilashin wayar Sakatare. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe. Da za a fita da Baba ya ce, "Uwata, ashe kina da baki." Na rufe fuska. Kuka ne, ba kunya ba.

Litinin, 27 ga Mayu

Mai takalmi ya je ya ba da shaida shi ma, wai ba zai bari 'yar tela ta fi shi zuciya ba. Lauya ta ce an karɓe wayar Sakatare, kuma gobe za a ba da belin Baba in Allah ya so.

Ni da Auta muka ja buhun shinkafar har ƙofar ofishin jam'iyya. Sakatare yana zaune a waje. Ya dube ni, na dube shi. Shi ya fara kau da kai. Wataƙila rana ce ta shiga idonsa.

Na haɗa ɗaya hannun rigar. Ɗinkin ya ɗan karkace. Ba zan warware ba, Baba ya zo ya yi min faɗa da bakinsa.