Birkilan da Ya Ƙi Buga Tabarma

Assalamu alaikum Goggo. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi wa kaina aika-aika. Akwai wata 'yar takarda a aljihuna yau sati uku, kuma wallahi ta fi min buhun siminti nauyi. Ki yi haƙuri idan na yi ta zagaye-zagaye, ni birkila ne, ban saba rubutu ba.

Shekara biyar da suka wuce muna gina bangon wani rami mai zurfi, ni da abokin aikina da muke ce wa Dogo, sai ƙasa ta rufto mana. Wani katako ya tokare a saman kaina, shi ya sa nake iya numfashi, amma daga ƙirji zuwa ƙafa a danne nake. Hannuna na dama kaɗai ke motsi. Na laluba na samu dutse, na yi ta ƙwanƙwasa wani bututun ƙarfe da ke kusa da ni. Sauran ma'aikata sun tafi wani wurin aikin, babu mai ji. Daga baya aka ce min awa shida na yi a ciki. Dogo bai fito da rai ba, Allah ya jiƙansa. Ina jin nishinsa har ya daina.

A asibiti aka ɗora ni kan wata ƙwaya mai kashe zafi. Ƙasusuwa suka warke, ni kuwa ban rabu da ita ba, domin ita kaɗai ke ɗaga min nauyin nan da nake ji a ƙirji. Daga ɗaya na koma biyu, har ta kai ina shan shida kafin azahar. Shekara uku ina haka. Ba na rufa da bargo mai kauri, ba na shiga motar da ta cika. Wata rana ina kwance, 'yata, tana 'yar shekara uku a lokacin, ta hau ƙirjina tana wasa, na wurgar da ita har ta bugi ƙafar gado. Uwarta ta haɗa kayanta ta tafi gidansu. Ban ga laifinta ba.

Yayan matata mai walda ne, mutum ne da ba ya son dogon zance. Shi ya kai ni asibitin masu fama da shaye-shaye na yi wata biyu. Da na fito ya ce zaman banza ne zai mayar da ni, ya ja ni wurin da yake koyon judo, irin kokawar nan ta Japan. Wani ɗaki ne a saman shagon tayoyi, ko'ina warin roba, fanka ɗaya mai ƙara, da tabarmin roba da aka lillike da salatif. Kocin ɗan tsoho ne mai gyaran agogo, tsayinsa bai kai kafaɗata ba. Na raina shi, ba zan ɓoye miki ba, har ranar da na ga ya ɗaga yayan matata sama ya ajiye shi a ƙasa kamar mai shimfiɗa jariri. Wata biyu cur bai koya min komai ba sai faɗuwa, ni da na zo in koyi kayar da mutane.

Tun ranar farko ya faɗa mana ƙa'idar wurin. Duk wanda aka danne ko aka murɗe wa hannu, idan ya bugi tabarma ko jikin abokin wasansa sau biyu, dole a sake shi nan take, babu tambaya, babu dariya. Na ji da kunne kawai. Sai ranar da aka haɗa ni da wani mahauci da ake kira Buhu, kuma sunan ya dace da shi. Ya danne min ƙirji, nan da nan na ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, na ji nishin Dogo. Ban san lokacin da hannuna ya bugi bayansa sau biyu ba. Goggo, sai mutumin nan ya tashi! Kamar wanda ya zauna a kan garwashi. Na kwanta ina kallon fanka, hawaye na shiga min kunne. Awa shida na yi ina ƙwanƙwasa ƙarfe ba abin da ya ɗaga, ga shi yau bugu biyu kacal sun ɗaga min ƙaton mutum. Na roƙe shi ya sake danne ni. Sau goma muka yi a ranar, sau goma yana tashi, bai taɓa tambayata dalili ba. Har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa sanin akwai wuri irin wannan a duniya ba.

Yanzu wata goma sha shida ban sa ƙwaya a bakina ba. Matata ta dawo. 'Yata tana hawa ƙirjina, ta ma koyi ƙa'idar, idan na buga sau biyu sai ta sauka tana min dariyar raggo.

To ga inda na ɓata. Za a yi mana jarrabawar canjin ɗamara, wato ƙarin matsayi a wasan, kai ya fara kumbura min. Wani sabon zuwa ya murɗe min hannu, na ji kunya in buga wa wanda na riga shiga, na daure har na ji wani abu ya yi ƙas a kafaɗata. Likita ya ce in huta sati takwas, ya rubuta min magani. Da na duba takardar, ƙwayar nan ce dai. Kunya ta hana ni gaya masa tarihina. Ban saya ba, ban kuma yaga ba, ga shi kullum ta gaban kemis nake bi zuwa aiki. Ba wanda ya sani. Ina ɗaure kafaɗar da ƙyalle in je wasa, in ɗauki bulo da hannu ɗaya. Idan na daina zuwa ɗakin nan na san inda ƙafata za ta kai ni. Idan na ci gaba ina tsoron in rasa hannun da nake ciyar da iyalina da shi. Yaya zan yi?

Ɗanki, wani birkila.

Wa alaikassalam ɗana. Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma duk lokacin da na zo wurin da mahaucin nan ya tashi sai in ajiye ta in share hawaye. Na daɗe ina wannan aiki na ba mutane shawara, ban taɓa jin an kwance wa mutum ƙullin shekaru da abu ƙarami haka ba. Allah ya saka wa kocinka da Buhu da alheri, da surukinka da ba ya son dogon zance. Allah ya jiƙan Dogo.

Tsoronka yana da tushe, ba zan ce maka shirme ba ne. Mutumin da ya bar ƙwaya, babu abin da ya fi masa haɗari kamar ciwo a jiki da yammacin da babu inda zai je, kai kuma duka biyun sun zo maka tare. Amma kafaɗar ma gaskiyarta take faɗa. Birkila mai hannu ɗaya da ya zauna a gida dole, wannan shi ne ainihin wanda kemis ke jira. Kuma ka lura, ba ciwon ne ya fi ba ni tsoro ba, ɓoyewar ce. Kai ka fi ni sanin yadda waccan rayuwar ta fara.

Ka koma wurin likitan gobe, ka miƙa masa takardarsa, ka gaya masa duk abin da ka gaya min. Ba kai ne na farko da zai ji haka daga bakinsa ba, kuma shi ya san wane magani ne zai yi maka ba tare da ya mayar da kai baya ba. Kada ka je kai kaɗai, ka tafi da surukinka. Ka kuma leƙa asibitin da ka yi wata biyu, ka nemi mai sauraron masu irin damuwarka. Judo ta yi maka babban aiki, amma maganar ramin nan da maganar Dogo suna bukatar wanda za ka zauna ka faɗa wa da baki. A wurin aiki ka nemi a ba ka awo da duba layin gini na ɗan lokaci, bulo ba zai gudu ba.

Sannan wa ya ce maka hutu yana nufin ka daina hawa benen? Likita wasa ya hana ka, bai hana ka ɗakin ba. Ka je a ranakunka, a kan lokacinka, ka zauna a bakin tabarma. Mai gyaran agogo ba zai rasa aikin da zai ba ka ba, ko da lura da sababbin zuwa ne kada su yi wautar da ka yi. Ɗamara kuwa, ɗana, ƙyalle ce, za ta jira ka. Kai da tsoho ya sa ka faɗuwa wata biyu, sati takwas ba zai gagare ka ba.

Abin da ya fi komai shi ne matarka. Ta taɓa tafiya, ta kuma dawo da ƙafarta. Bai kamata ta tsinci takardar nan da kanta ranar wanki ba. A cikin rami ka yi ta bugu babu mai ji, shi ya sa har yanzu wani ɓangare na zuciyarka bai yarda za a ji ka ba. Amma yanzu kana cikin mutanen da suke tashi idan ka buga, ka gwada su sau goma ka gani da idonka. Wannan wasiƙar da ka aiko min bugu ɗaya ne, kuma ƙa'idarku biyu ce. Na biyun ka yi shi yau, a gida, kafin ka cire takalmi.

Allah ya ba ka lafiya, ya tsare maka wata goma sha shidan nan ya ƙara maka wasu a kai. Ka gaishe min da 'yar da ke maka dariyar raggo.

Goggonka.