Rabin Furo

Grand Concourse, Bronx, New York
6 ga Afrilu, 2014

Yaya Muniru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka gaishe mini da Mma, ka ce mata ina cin abinci, ta daina sa a tambaye ni.

Hajiya Adjara ta dawo daga Kumasi, ta kawo mini saƙonka da hotunan sadakar arba'in. Na gode, Allah ya saka da alheri, ya kai ladan kabarin ɗana Dogo. Na ga kun buga hotonsa a ƙyalle kun rataye a ƙofar gida, yana riƙe da ƙwallo, an rubuta "Furo" a ƙasa. Sau ɗaya na kalla, na kife hoton.

Na rubuto ne ban kira ba domin na san halinka. Da na kira sai ka buɗe muryar waya duk zaure su ji, maganar nan kuwa tsakanina da kai ce.

Ka aiko da takardar sayar da filin Baba na Aboabo ka ce in sa hannu, a biya wa ɗanka Saeed kuɗin gwaji da na biza, ya zo ya buga ƙwallon kwando a ƙungiyar da ɗana ya buga wa. Yaya, ba zan sa hannu ba. Kada ka tambaye ni dalili yanzu. Yau kwana arba'in da tara da rasuwar yaron nan, har yanzu takalmansa na wasa suna bakin ƙofa, ni da ƙanwarsa Najat tsallake su muke yi. Ka ce wa Saeed na ji yana son takalman, ya yi mini haƙuri.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Zuweira

*

Aboabo, Kumasi
2 ga Mayu, 2014

Zuwa ga ƙanwata Zuweira,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina ƙara yi miki ta'aziyyar ɗanmu Gafaru. Allah ya jiƙansa, ya ba ki dangana.

Wasiƙarki ta same ni, kuma ba zan ɓoye miki ba, ta ba ni mamaki. Na ɗauka baƙin ciki ne ya rufe miki ido, shi ya sa na ɗan jinkirta kafin in ɗauki biro.

Me kike tsoro? Ni da idona na karanta takardar ƙungiyar da marigayi ya aiko mana shekara uku da suka wuce, an rubuta ɓaro-ɓaro: semi-pro. Ya sami furo, wato ya zama ƙwararren ɗan wasa mai albashi. Kina kan waya ranar, kin ji guɗar Mma. Tun daga nan wata bai taɓa mutuwa ba tare da kuɗin ƙwallo sun iso gidan nan ba. Da su aka yi wa Mma aikin ido, da su aka sake rufin ɗakinta. Duk Aboabo babu wanda bai san jikan Mma ɗan wasa ne a Amurka ba.

Kocinsu mutumin kirki ne. Shi ya nemi lambata, ya kira ni har yana kuka. Ya ce don tunawa da Gafaru ya keɓe wa ɗan'uwansa gurbi. Dala dubu uku kacal, kafin ƙarshen Yuni. Saeed ya kusa kamo marigayi a tsawo, kullum yana filin makaranta tun asuba. Shekararsa ashirin, yana zaune a shagona yana miƙa wa mutane fulogi da bel ɗin mota. Haka kike so ya ƙare?

Mutane sun fara magana, Zuweira. Suna cewa ke kin ci arzikin ƙwallo a ɗakinki, ba kya so ya shiga ɗakin ɗan'uwanki. Na kare ki, amma bakina ya fara gajiya. Ɗan'uwa rabin jiki ne. Mai sayen fili ba zai jira mu har abada ba. Ki sa hannu ki ba Hajiya Adjara.

Wassalam.

Yayanki,
Alhaji Muniru

*

Grand Concourse, Bronx
25 ga Mayu, 2014

Yaya Muniru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Mma. Wannan wasiƙar ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa kafin ka karanta.

Ka ce ɗan'uwa rabin jiki ne. To bari mu yi maganar rabi.

Ranar da ka karanta takardar nan a zaure, ni da Dogo da Najat muna zaune a kicin muna jinka ta waya. Da ka ce "ya sami furo," Dogo ya toshe baki yana dariya. Najat ta ce, da Turancin nan nata, kalmar ba samu take nufi ba, rabi take nufi. Rabin ɗan wasa. Sai ga guɗar Mma ta cika wayar. Na ga dariyar ta tsaya a fuskarsa. Ya ce wa ƙanwarsa ta yi shiru. Ya dube ni, ni ma na yi shiru. Kai ka yi kuskuren karatu, ni kuma na bar shi ya kwana ya tashi shekara uku. Laifin nawa ne, ba naka ba.

Yaya, kuɗin da kuke kira kuɗin ƙwallo, daga filin jirgi na JFK suke. Ƙarfe huɗu na asuba yake kama aiki, yana loda akwatuna a cikin jirage har azahar, ko ana ƙanƙara. Wataƙila akwatin Hajiya Adjara da ya kawo muku hotunansa ma shi ya ɗaga. Ƙwallo ba ta taɓa saya masa ko takalmi ba. An yi masa alkawarin dala ɗari kowane wasa. Ran da aka samu 'yan kallo a ba shi arba'in, ran da ba a samu ba a saya musu fiza su raba a cikin mota. Shi ma sai da ya biya kuɗin gwaji kafin su ɗauke shi, kuma duk wanda ya biya an ɗauke shi.

Wannan kocin da ya yi maka kuka, shi ne mai ƙungiyar, shi ne direba, matarsa ce mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. A shekara uku sau uku ƙungiyar ta canza suna. Dogo ya ce mini a wannan gasar tasu duk mai 'yan kuɗi zai iya buɗe ƙungiya, kamar yadda kai ka buɗe shago.

Sau ɗaya na je kallo. Na roƙi wata ta zauna mini da tsohuwar da nake kula da ita, na hau jirgin ruwa zuwa Staten Island, can wajen Port Richmond. Ɗakin wasan wata makaranta ne. Na biya dala goma a wurin matar koci, ta san ni uwarsa ce, ta karɓa. Na ƙirga mutanen da ke zaune, mu talatin da ɗaya ne har da ni. Abokan karawarsu mutum shida suka zo, ɗaya da tumbi kamar naka. Agogon bango ya lalace, wani ne yake duba lokaci a wayarsa.

Amma Yaya, da ka ga yaron nan. Ban san dokar wasan ba, amma na san abu mai kyau idan na gan shi. Ya tashi sama kamar ƙasa ce ta sake shi, ya zura ƙwallon, ya sauko yana neman inda nake da ido. Ka san ban taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Ranar saura kaɗan in kira. Na danne bakina da mayafi. Da muka fito na tambaye shi nawa ya ci, ya ce bai sani ba, wanda yake rubutawa bai zo ba. Shi burinsa a ɗauki bidiyo mai kyau ya aika Turai, ko wata ƙungiya ta gaske ta gan shi. Shekara uku koci yana ce masa mako mai zuwa.

Na ce maka ya faɗi a fili yana wasa, kuka ce ya mutu a bakin aikinsa kamar jarumi. Ban gaya maka sauran ba. Lahadi ce. Ya tashi daga filin jirgi ya shiga mota, tafiyar awa huɗu zuwa wasa a makarantar wani ƙaramin gari. Likitoci sun ce zuciyarsa tun haihuwa take da matsala, da an taɓa auna shi da an gani. Ƙungiyar ba ta taɓa auna kowa ba. Babu likita a wurin, sai ƙanin koci da ledar ƙanƙara. Makarantar tana da na'urar farfaɗo da zuciya, tana kulle a ofis, mai makullin yana gida saboda Lahadi ce. Wani abokin wasansa ya ce mini ta gilashin ƙofa suna ganin na'urar. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da Allah ba. Amma gilashin nan ba ya fita daga idona.

Najat ta kai ni wurin lauya. Ya karanta takardar da Dogo ya sa wa hannu, ya ce a rubuce shi ba ma'aikacinsu ba ne, da son ransa yake wasa, babu inshora. Koci ya zo gaisuwa da rigar wasa a cikin firam. Da ya tafi Najat ta juya ta. Lambar da ke bayanta ba tasa ba ce.

Yanzu hotonsa yake aikawa Kumasi da Accra yana neman yara masu dala dubu uku. Ba Saeed kaɗai ya rubuta wa ba, Najat ta gani a intanet. Gurbin tunawa da ɗana ya kai guda nawa, Allah kaɗai ya sani.

Ka ce mutane suna cewa na ci arzikin ƙwallo. Ga abin da na ci: takalma a bakin ƙofa da rigar wani a firam. Na so in bar masa sunan nan, shi kaɗai ƙwallo ta taɓa ba shi. Ka tilasta mini na tuɓe masa shi da hannuna. Ban yafe maka wannan ba tukuna, amma gara haka da in je filin jirgi in tarbi Saeed.

Takardar filin tana cikin ambulan ɗin nan, yadda ka aiko ta.

Allah ya sa mu gama lafiya.

Ƙanwarka,
Zuweira

*

Aboabo, Kumasi
20 ga Yuni, 2014

Zuweira,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da Najat.

Na karanta ni kaɗai, kamar yadda kika ce. Sau uku. Na kira kocin na tambaye shi sunan likitan ƙungiyarsu. Ya ce layin ba shi da kyau. Bai sake ɗauka ba.

Na sallami mai sayen fili. Ƙyallen na sauke shi, na ce ruwan sama ne zai ɓata shi. Mma ta sa an shimfiɗa mata shi a bangon ɗakinta. Duk wanda ya shigo sai ta nuna masa da idon da aka gyara mata, ta ce ga furo ɗinta. Na bar ta da abinta.

Saeed ne damuwata. Abin da ya sani kawai shi ne kin ƙi sa hannu. Ya daina zuwa shago, ya ce goggonsa ta toshe masa hanya, ya rantse ko ta wace hanya sai ya haɗa kuɗin. Na ji yana cigiyar mai sayen babur ɗinsa. Idan na ba shi wasiƙarki, gobe duk Aboabo ta ji, sunan marigayi ya zube. Idan na ɓoye, zai tsane ki, kuma ina tsoron zai tafi. Ɗanki ne, sunansa ne. Ke za ki yanke.

Abin da na rubuta miki a baya, ki yafe mini. Ni na karanta kalmar, ni na ɗora masa ita a ka.

Wassalam.

Yayanki,
Muniru

*

Grand Concourse, Bronx
8 ga Yuli, 2014

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa.

Ka ba Saeed wasiƙar ya karanta duka, kada ka rage masa ko layi ɗaya. Rabi ya ishe mu haka. Aboabo ta faɗi abin da za ta faɗa. Mma kaɗai nake roƙon a bar wa furo ɗinta, ku tsare mata ƙofa iyakar iyawarku.

Hajiya Adjara za ta ba ka ƙunshi. Ba takalman ba ne, waɗannan suna nan inda ya cire su. Rigar aikinsa ce ta filin jirgi, ruwan ɗorawa mai ƙyalli, kafaɗar ta goge saboda ɗaukar kaya. Ban wanke ta ba. Ka ba Saeed, ka ce masa wannan ce rigar da ta buɗe idon kakarsa ta rufe mata ɗaki. A cikinta ɗan'uwansa cikakke ne.

Na yafe maka. Ku sa shi a addu'a lokacin buɗa-baki.

Ƙanwarka,
Zuweira, uwar Gafaru