Fuskokin da Ka Narkar

Princes Town,
Farkon Sha'aban.

Zuwa ga yayana, Bhaiya Shaffie,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi haƙuri da na dame ka da takarda alhali ga waya a hannun kowa. Na san in na kira za ka riga ni magana, ni kuma in yi shiru kamar yadda na saba tun muna yara, shi ya sa na ɗauki biro. Ina fata kana lafiya, da matarka Bhauji da yara, da fatan gwiwar ta yi sauƙi.

Mu nan alhamdu lillahi, sai dai mijina Haniff bai ci abin kirki ba tun ranar da ka zo.

Bhaiya, na bar ka da mijina ne don in je kasuwa in sayo kifi da kabewa in yi maka abinci. Na dawo na tarar ka tafi, ka bar saƙo wurin maƙwabciyata Verna cewa ka tsarkake mini ɗaki. Na shiga na ga Haniff a kujerarsa yana kallon kwalbar da ka ajiye a bakin taga. 'Yan mutanen robarsa duka suna ciki, ka tuttula musu ruwan da yake wanke buroshi da shi, irin wanda mata ke goge fentin farce. Na san nufinka fuskokin kaɗai su goge. To wannan ruwa ba gogewa yake yi ba, cin roba yake yi. Da na juye kwalbar dunƙule ɗaya ya faɗo, kai a jikin ƙafa, hannu a jikin hula, ga wari. Duk mai harkar nan ya san ko ɗigonsa ba a kusantar da shi. In fuska ake so a cire, magogin fensir ake bi da shi a hankali, a ɗauraye da ruwan ɗumi. Ba wai ina koya maka don ka sake ba ne.

Ba ka tambaye ni mene ne su ba, to bari in gaya maka. Haniff ne ya zana su da hannunsa na dama, shekaru kafin ciwon ya shanye masa hannun da harshe. Kowanne mutum ne da muka sani. Tun da magana ta ƙwace masa, da su yake yi mini ita. Yana gina layinmu da 'yan bulon roba a kan faranti, da hannun hagu. In ya ɗaga mai farar riga, wani wuri ke masa ciwo, in nemi likita. In ya ɗaga mai tabarau, ɗanmu Imtiaz yake so in kira masa a Toronto. In ya tsayar da marigayiya mahaifiyarsa a bakin ɗan kicin, miyar wake ta dal yake so irin tata, mai tafarnuwa da yawa. Akwai mai koren mayafi, ni ce. Ita ba ya ɗaga ta. Aljihun rigarsa yake saka ta, ranar da ya ga na gaji.

Kada ka ce ban san hukuncin siffa ba. Tabarma ɗaya muka zauna da kai a makarantar masallaci, kuma ba ni aka fi duka ba. Na tambayi limaminmu tun farko, ya tuna mini 'yan tsanan Nana A'isha, ya ce lalura ce, in kwantar da hankalina. Duk da haka ba na salla a ɗakin sai na rufe su da ƙyalle. Kai kuwa ba ka tambayi liman ba, ba ka tambaye ni ba. Mutumin da ke da kayan yana zaune a gabanka, yana ganin hannunka, ba shi da bakin cewa bari. Wannan ne ya fi ci mini rai. Verna ta ce ta ji yana bubbuga hannun kujera, ta ɗauka wasa kuke yi.

Da ta ga dunƙulen sai ta ce, "Zobi, wannan yayan naki Allah ne ya aiko shi ko shi ya aiko kansa?" Na ce ta yi shiru, yayana ne.

Ina gaishe da Bhauji. Ka amsa mini, don Allah.

Ƙanwarka,
Zobida.

Princes Town,
Ƙarshen Sha'aban.

Bhaiya Shaffie,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ku lafiya, kuna ta shirin azumi. Allah ya nuna mana watan da rai da lafiya.

Takardarka ta iso tare da kwalin. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune, ko zan ga kalmar da nake nema. Ka ce niyyarka alheri ce. Ka ce kada in bari kayan wasan yara ya shiga tsakanin jini ɗaya. Ka ce Bhauji ma ta yi mamakin yadda na ɗauki abin da zafi. Ban ga inda ka ce ka yi kuskure ba.

Sai kwalin. Jirgin ruwa na bulon roba, babba, mai kyau, babu ko mutum ɗaya a ciki, na gane dalili. Kuma ka sa surukinka ya haɗa shi tun daga can, ya bi kowane bulo da gam, wai don kada Haniff ya wahala. Bhaiya, wahalar ita ce maganin. Dannawa da ɓamɓarewa su ne motsin da aka ce yatsunsa su riƙa yi. Ba a sa wa bulon nan gam, wanda aka manne ya mutu ke nan, ya zama kayan ado na kan kabad. Na ɗora masa a cinya saboda kyautar yayana ce. Ya sa babban yatsa yana neman ɓamɓare guda ɗaya, yana ta yi, yana ta yi, har farcen ya tsage ya yi jini. Sai ya ture jirgin ƙasa. Ko tsagewa bai yi ba, surukin naka ya iya aiki.

Bari in gaya maka abin da kayan wasan yara suka jawo. Ran Talata da la'asar Haniff ya fara nishi. Ya miƙa hannu kan farantin, wurin da mai farar riga ke tsayawa, babu kowa. Ni kuma ban lura da inda hannun ya nufa ba, tun da ba abin da ya ɗaga. Na kawo shayi, ya kau da kai. Na kunna fanka, na kashe. Na kunna rediyo. Na gyara filo. Na ce Imtiaz kake so? Na ce zafi kake ji? Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙa motar rake ba wanda ya taɓa ganin hawayensa, ya zauna yana kuka kamar an yaye shi, ni ina tsaye da kofi a hannu. Verna ce ta shigo ta taɓa goshinsa ta ce, "Ke baiwar Allah, ajiye shayin nan, mutumin nan wuta yake!" Fitsari ne ya riƙe masa. A asibiti suka ce da mun ƙara jinkiri da labarin ya bambanta.

An sallamo mu, jikin da sauƙi. Amma ya juya fuska bango. Ba ya taɓa farantin. In na zo da abinci ya karɓi loma biyu don kada in tsaya masa a kai.

Ina istigfari a kan abin da nake ji game da kai, don ba na so in shiga azumi da shi. Amma ba zan rubuta maka cewa ya wuce ba, ƙarya ce. Jirgin yana hannun direban da ya kawo shi, zai mayar maka.

Ƙanwarka,
Zobida.

Princes Town,
Goman ƙarshe na Ramadan.

Bhaiya Shaffie,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya ibada, yaya ƙishirwa? Ina fata kowa lafiya. Na ji shiru tun da jirgin ya koma, na ce to, fushi ya zama biyu. Duk da haka ka gafarce ni, dole ce ta sa na sake damunka.

Imtiaz ya aiko da sababbin 'yan mutane ta hannun wani mai zuwa gida, marasa zane, kai fayau. Na ɗauko fentin Haniff na zauna kusa da gadonsa, ni da ban taɓa zana ko kaza ba. Na laɓta wa na farko fenti har ya yi kama da wanda ya faɗa tukunyar miya. Sai na ji an daki katakon gado. Na waiwaya, ashe ya juyo, yana harara ta kamar na zagi mahaifiyarsa. Ya nuna kofin ruwa. Na ɗiga, ya sake nunawa, na ƙara, har fentin ya tsinke kamar madara, sannan ya gyaɗa kai.

Haka yake koya mini, da duka da harara. A soke kan a tsinke don kada yatsa ya taɓa. A shafa siriri, a bari ya bushe, a sake. Ido ba da buroshi ake yi ba, da bakin tsinken sakace, ɗigo ɗaya a ɗauke hannu. Ba a shanya su a rana, tana sa roba ta koma ruwan ɗorawa. A ƙarshe a bi da man ƙyalli don kada zufa ta cinye zanen. Likitan da na yi idonsa ɗaya ya fi ɗaya. Verna ta ga tata ta ce, "Ni ce wannan? Wallahi sai na kai ki ƙara, kin ba ni hancin ɗan akuya!" Haniff ya yi wani sauti, ina jin dariya ce. Ya karɓe su a haka. Ya koma cin abinci.

Mahaifiyarsa ce ya ƙi. Na yi, na goge, na sake, sai ya rufe ta da tafin hannu ya ture. Ba mu da hotonta ko ɗaya, waccan da ka narkar ita ce fuskarta da ta rage a duniya. Wannan ba ta gyaruwa, kuma ina so ka sani.

Ga dalilin takardar. Ya gina teburin Salla a kan farantin, ya zaunar da kowa, har da 'yar tukunyar sawine, taliyar madarar da muke sha ran Salla, a tsakiya. Amma akwai guda ɗaya marar fuska da ya hana ni zanawa. Kullum sai ya ɗaga shi ya kalli ƙofa. Na jero masa sunaye, liman, direba, abokan aikinsa, duk yana girgiza kai. Da na ce Shaffie, bai girgiza ba, bai gyaɗa ba. Ya runtse ido, ya damƙe shi har jijiyar hannun ta tashi.

Ban san me yake nufi ba, Bhaiya. Ko so yake ya yafe maka, ko so yake ya jefe ka da shi. Da can zan gane, yanzu ba na ganewa, kuma ka san dalili. Ba zan ƙaga masa magana in ce ya yafe ba, ba zan kuma ce ya ƙi ba. Amanar bakinsa ce a hannuna.

Saboda haka ka zo kafin Salla. Kada ka zo da kyauta, kada ka zo da wa'azi. Ka zauna a gabansa, ka faɗi kalmar da ka ƙi rubuta mini, sannan ka yi shiru ka jira, komai daɗewa, kamar yadda nake jira kullum. In ya zaunar da kai a teburin, zan zuba maka sawine da hannuna. In ya jefe ka, ka sunkuya ka ɗauka ka miƙa masa, ka kama hanya.

Yana riƙe da shi yanzu haka da nake rubutu. Don Allah ka amsa mini da wuri, ka faɗa mini ranar.

Ƙanwarka,
Zobida.